Gaba Huɗu a Kan Tsamiya

Kafin ladanin Dadin Kowa ya gyara murya
Kawu Hammayo ya kwance kwale-kwale.
Shi da filafili,
ni da gwangwanin kwarfe ruwa.

Na zo da koton roba daga kasuwar Gombe,
ɗan kifi kore mai idon gilashi,
dubu biyu, mai shago ya ƙi ragi.
Kawu ya juya shi a tafi, ya sansana,
ya ce, "Wannan kai ya fara kamawa."

Nasa kan cokali ne da ya rabu da mariƙi.
Ya huda da ƙusa, ya goge da toka,
jan zare, gashin zabo guda,
ƙugiya ta laɓe a ƙasa
kamar riba a bakin dillali.

Igiyar awonsa ƙulli-ƙulli ce,
kowane ƙulli gaba ɗaya,
tsohon fulogin babur a ƙarshenta.
Ya saki. Gaba biyu.
"Gonar Jalo ce nan, yashi zalla.
Tana tudu ba ta cika rumbu ba,
a ruwa ma ba ta sake hali ba."

Muka wuce.
Gaba uku: hanyar da mata ke bi zuwa rafi.
Gaba bakwai bai taɓa ƙasa ba.
"Rijiyarmu. Tarwaɗa ta gaje ta,
sai da dare take karɓar baƙi."

Ni ruwa kawai nake gani,
shimfiɗe har gindin duwatsu.
Shi kuwa yana ratsa gari,
yana kauce wa dangar mutane,
har sai da na ji ya yi sallama a hankali.

Ya daidaita kan jirgi da tsagin dutsen gabas,
giginyar gaɓa ta faɗo a kafaɗarsa ta hagu.
Gaba huɗu, fulogi ya ci karo da reshe.
"Tsamiya," in ji shi.
"A ƙarƙashinta aka yi mini aski na fari.
Yanzu karfasa ke zaman hira a rassanta,
giwan ruwa na kewaye, yana jiran mai tashi.
Da sanyin safiya suna gaba ɗaya da rabi,
rana ta take, su sauka ƙasa.
Kada ka wuce uku. Ka ji ko?"

Na ji. Na wuce.
Fatsata ta yi nauyi, zuciyata ta buga,
na ja, na miƙe, jirgi ya karkata,
na yi ta kiran Kawu ya kawo hannu.
Bai ko waiwayo ba.
Zare ya tsinke, tas.
"Ta karɓi kuɗin inuwa," ya ce.
"Da can ma ba ta barin hular yaro."

Shi yana ɗaga cokali, yana saki,
ɗagawa kamu ɗaya, saki a hankali,
kamar mai lallashin jariri ya yi barci.
Can sanda ta rusuna.
Bai yi gaggawa ba, ya ba shi zare,
ya karɓa, ya sake ba shi,
har farin ciki ya juyo a saman ruwa,
giwan ruwa, tsawon damtsena.

Da hantsi ya miƙo mini gwangwanin tana.
Na kama karfasa uku, ɗaya ta kuɓuce,
ƙayar bayanta ta bar mini shaida a yatsa.

A hanyar dawowa na tambaye shi
ko yana kewar garin.
Ya daɗe yana tuƙi.
Wani ɗan kwale-kwale ya gifta, suka gaisa,
suka yi ƙorafin tsadar zaren kalli.

Sai da muka taɓa gaɓa ya ce,
"Kullum ina zuwa ai.
Kwarfe ruwan nan kafin ka fita,
kuma gobe ka sato cokalin Goggo Dija,
mai ɗan faɗin nan, na shayi."